Tarihin Faci da Harufanmu Masu Ƙugiya

Kalmar faci ta shigo Hausa ne ta bakin hanya, wajen masu gyaran tayar keke da babur: ɗan guntun roba a liƙa a kan huda, a hura iska, tafiya ta ci gaba. Kalmar Turancin da muka aro ta daga gare ta, ita ce dai masu rubuta manhajar kwamfuta ke amfani da ita har gobe, in suna nufin ɗan gyaran da wani ya aika wa aikin wani. Tun asali kuwa faci ne na gaske. A shekarun 1940 ana ba kwamfuta umarni ne ta hanyar huda ramuka a jikin doguwar takarda. In an yi huda inda bai dace ba, sai a yanko ƴar takarda a liƙe ramin. Har yau akwai irin wannan takarda ta na'urar Harvard Mark I a ajiye a Amurka, da facinta a jiki.

Ni aikin jarida na karanta, kuma gabatar da shiri a rediyo ne sana'ata, ban iya rubuta manhaja ba. Abin da ya ja ni cikin wannan tarihi shi ne yanzu kusan rabin shirina daga wayoyin masu sauraro yake fitowa. Saƙon murya kan iso garau daga ƙauyukan Damagaram da Maradi, ko daga ƴan ci-rani a Agadas da Kumasi, ko da rezo ya yi rauni, wato sabis a bakin ƴan'uwanmu na Najeriya. Rubutaccen saƙo kuwa sau da yawa yakan iso da ƙugiyoyinsa a karye, sai mai karantawa ya yi hasashen baki ake nufi ko baƙi, kura ko ƙura. Me ya sa waya ɗaya ta iya ɗaukar muryarmu lafiya lau, amma harufanmu take ta ɗingishi da su? Amsar tana ƙunshe cikin labarin wanda ya aika faci da wanda bai aika ba.

Sai mu fara da wurin da ake kai facin. Ba wanda ke gina manhajar waya daga tushe shi kaɗai. Kamar yadda magini ba ya ƙera ƙusa da kansa, haka mai manhaja kan ɗauko sassan da wasu suka riga suka rubuta: ɗaya mai ajiye bayanai, ɗaya mai ɗebo saƙo daga intanet, ɗaya mai matse murya, ɗaya mai zana harufa a fuskar waya. Kowane irin wannan sashe masu sana'ar suna kiran sa laburare. Ni rumbu zan ce da shi, tunda ɗiba ake zuwa yi a cikinsa. Amfanin rumbu a nan shi ne in an gyara abu ɗaya a cikinsa, duk manhajojin da ke ɗiba daga gare shi sun gyaru. Haɗarinsa ma ke nan, domin in ya lalace sun lalace tare.

Tunanin ya samo asali ne a jami'ar Kambirij ta Ingila, inda aka tayar da kwamfutar EDSAC a 1949. Wani ɗalibi mai suna David Wheeler da abokan aikinsa suka lura cewa kowa sai ya sake rubuta lissafi iri ɗaya, sai suka riƙa ajiye gajerun umarnin da aka riga aka gwada a kan takardu, cikin kabad. Mai buƙata ya ɗauko ya kwafa cikin nasa. A 1951 shi da Maurice Wilkes da Stanley Gill suka wallafa littafin da ya bayyana wannan dabara. A 1955 kuma masu amfani da manyan na'urorin IBM a Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE, suna musayar manhajoji da gyare-gyare a tsakaninsu. Gayya ce ta gaske, sai dai ba kowa ke zuwa ba. Sai wanda ma'aikatarsa ke da kwamfutar da ta cika ɗaki, irin su kamfanonin ƙera jiragen sama da manyan cibiyoyin bincike.

Daga baya wannan ƴar ƙofar ma ta fara rufewa. A 1969 IBM ya raba farashin manhaja da na na'ura, manhaja ta zama haja mai kuɗinta. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin masu kwafar manhajar kamfaninsa da sata. Kamfanoni suka koma sayar da manhaja a kulle: ka yi aiki da ita, amma ba ka ganin rubutun da ke cikinta, balle ka gyara. Wajen 1980, a cibiyar MIT, wata na'urar buga takardu ta Xerox ta riƙa shaƙewa. Richard Stallman, wanda ya taɓa gyara tsohuwar na'urar wurin ta yadda take sanar da mutane in ta shaƙe, ya nemi rubutun sabuwar aka hana shi. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ya shelanta aikin GNU a 1983. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rarrabawa, bisa sharaɗin duk wanda ya rarraba gyararren aiki ya bar shi a buɗe shi ma. A 1991 aka fitar da wani lasisin mai sassauci musamman domin rumbuna, yadda ko manhajar sayarwa za ta iya ɗiba daga buɗaɗɗen rumbu.

Izini kaɗai bai isa ba, sai da kayan aiki. A Bell Labs, Douglas McIlroy ya samar da diff a 1974, manhajar da ke kwatanta tsohon rubutu da sabo ta fitar da layukan da suka bambanta kaɗai. A 1985 Larry Wall ya fitar da abokiyar tafiyarta, wadda ke karɓar wannan bambanci ta liƙa shi a inda ya dace. Daga nan gyara ya zama abu mara nauyi. Maimakon a aika da littafi sukutum saboda kuskuren layi uku, sai a aika da layi ukun cikin imel. Da haka aka gina Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 yana ɗan shekara 21: mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna turo faci, shi yana dubawa yana karɓa ko ya mayar. A 1998 aka raɗa wa wannan salon aiki sunan da ya bi shi, wato buɗaɗɗiyar manhaja. A 2005 Torvalds ya rubuta Git domin lissafin wane ne ya canja me, kuma yaushe.

Shekarar 2008 ce ta haɗa wannan tarihi da wayar da ke aljihunmu. A cikinta aka buɗe GitHub, inda kowa zai iya kwafar rumbun wani, ya gyara a wurinsa, ya miƙa roƙon a shigar da gyaran, kuma duk muhawarar a bainar jama'a. A cikinta Apple ya buɗe kasuwar manhajojin iPhone. A cikinta kuma wayar Android ta farko ta fito, a kan tushen Linux. Dubban mutane suka tashi rubuta manhajar waya a lokaci guda, kowa na neman sassan da zai ɗora a kai, rumbuna suka yawaita. Kamfanin Square ya saki OkHttp, mai ɗebo bayanai daga intanet, har Android da kanta ta ɗauke shi tun daga siga ta 4.4. Facebook ya saki React Native a 2015, Google ya fitar da cikakkiyar sigar Flutter ta farko a ƙarshen 2018. A ƙa'ida, yaro a Tasawa da injiniya a Kalifoniya ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa.

To, yanzu ga labarin murya. A 1998 cibiyar Fraunhofer ta Jamus, mai riƙe da haƙƙin ƙirƙirar MP3, ta fara aika wa masu rubuta manhajar MP3 takardun neman kuɗin lasisi. Wani Ba'amurke, Chris Montgomery, ya dage kan samar da hanyar matse sauti wadda ba mai biyan ko sisi, aka samu Vorbis, wadda cikakkiyar sigarta ta fito a 2002. A ƙarƙashin inuwar gidauniyarsu ta Xiph.Org, wani ɗan Kanada, Jean-Marc Valin, ya yi Speex domin maganar ɗan Adam, daga baya kuma CELT. Can gefe Skype na da tasa dabarar mai suna SILK. Aka haɗa SILK da CELT aka samu Opus, wanda hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta IETF ta amince da shi a watan Satumban 2012. Android ta karɓe shi tun siga ta 5.0, kuma duk wanda ya taɓa leƙa inda WhatsApp ke ajiye saƙon murya zai ga sunan kowane saƙo ya ƙare da opus.

Ga abin da wannan ke nufi a lissafi. Minti ɗaya na sautin faifan CD yana cin kimanin megabait 10. In aka matse magana da Opus a kilobit 16 cikin daƙiƙa, minti ɗaya kilobait 120 ne kacal, kuma ana jin mai maganar sarai. Shi ya sa manomin da bai yi boko ba ke iya ba ni labarin farashin gero a kasuwarsu da ragowar kuɗin da ke cikin wayarsa. Waɗanda suka yi wannan aiki ba Hausa ce a ransu ba. Mun ci arziki ne domin maƙogwaron ɗan Adam iri ɗaya ne a ko'ina. Dabarar da ta matse muryar Bature ita ce ta matse ta Bahaushe, ba sai an roƙi kowa ba.

Rubutu ba haka yake ba, kowane harshe da nasa. Harufan ɓ da ɗ da ƙ sun shiga bokon Hausa a shekarun 1930. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, ƙa'idar rubutu ta 1999 ma ta tabbatar da ita, a Najeriya kuwa an fi rubuta 'y. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya ba waɗannan harufa gurbi tun farkon shekarun 1990. Amma samun lamba mataki na farko ne kawai. Dole a samu wanda zai zana harafin, da allon rubutun da zai fitar da shi, da rumbun da ya san cewa babbar ƙ ita ce Ƙ, kuma in ana jera sunaye ƙ tana bin k ne. Irin wannan sani yana taruwa a CLDR, ma'ajiyar bayanan harsuna da aka fara a 2003, wadda Android da iPhone ke ɗibar sunayen ranaku da watanni daga ciki. Akwai sashen Hausar Najeriya a cikinta, da na Nijar, da na Gana. Abin da aka zuba a sashen shi waya za ta nuna, in babu sai ta koma wa abin da ta samu.

Wani misali da ke burge ni shi ne HarfBuzz, rumbun da ke tsara yadda harufa ke haɗuwa a fuskar Android da Chrome da Firefox. Behdad Esfahbod, ɗan asalin Iran, shi ya jagoranci gina shi yadda yake a yau. Rabin farko na sunan, harf, tushensa ɗaya da kalmarmu ta harafi, rabi na biyu kuma buɗaɗɗe yake nufi a Farisanci. Mutum ne da ya taso yana ganin kwamfuta na wahala da rubutun harshensa, ya shiga ya gyara, gyaran ya amfani duk masu rubutu da baƙaƙen Larabci, har da mu masu ajami. Ajaminmu ma sai a 2020 Unicode ya ƙara wasu harufan da yake buƙata, bayan an samu masu bincike da suka tattara hujja daga rubuce-rubuce suka gabatar. Ba harafin da ya shiga don kansa.

Na ga yadda ake wannan aiki da idona. Tasharmu na da ƴar manhaja da muke ajiye tsofaffin shirye-shirye a ciki, kuma masu sauraro sun yi ta ƙorafin cewa in sun nemi shiri ba sa samu. Wani matashi mai kula da na'urorinmu ya bi diddigi har ya kai ga wani ƙaramin buɗaɗɗen rumbu da ke gyara kalmomi kafin bincike. Rumbun ya san yadda zai mayar da é ta Faransanci ta zama e, domin a Unicode ana iya raba é gida biyu, harafi da alamar kansa, a yar da alamar. Ƙugiyarmu kuwa ba ta rabuwa, jikin harafin ce. Da rumbun ya ci karo da harafin da bai sani ba, sai ya share shi gaba ɗaya: ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki. Mai neman kasa ko daki ba zai taɓa samun su ba.

Gyaran layi takwas ne, ƙanana huɗu da manya huɗu. Amma aika shi ya fi rubuta shi wuya. Sai da ya fara rubuta rahoton matsalar da Turancin Ingilishi, shi da ya yi karatunsa da Faransanci. Ya kwafi rumbun, ya yi gyara, ya miƙa. Mako uku shiru. Da mai kula da rumbun ya amsa, tambaya ya yi: shin ƙ harafi ne mai zaman kansa, ko k ce da ado? Yaron ya zo ya same ni ya ce, “Yaya, me zan ce masa?” Muka zauna muka jera masa kalmomin da ƙugiya kaɗai ta raba su: kafa da ƙafa, bata da ɓata, dauri da ɗauri. Amsarmu ita ce harufa ne daban, bai halatta a haɗe su wajen nunawa ko jerawa ba, amma a wajen bincike ya kamata su hadu, tunda mafi yawan mutane ba su da ƙugiya a allon wayarsu. Mutumin ya nemi a ƙara gwaji, wato ɗan rubutun da zai riƙa tabbatarwa da kansa cewa gyaran na nan daram duk lokacin da aka taɓa rumbun. Aka ƙara, ya karɓa.

Kafin ya amsa, mun yi ta jin kamar raini ne. Tarihi ya nuna dalilin irin wannan jan ƙafa. A ranar ƙarshe ta 2011 aka shigar da wani faci cikin OpenSSL, rumbun da ke kulle sirrin saƙonni a intanet. Wani ɗalibi a Jamus ne ya rubuta shi da kyakkyawar niyya, mutum ɗaya ya duba, dukansu ba su lura cewa an manta auna tsawon wani saƙo ba. Sai a watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar, aka sa mata suna Heartbleed. Ta shafi kimanin shafukan intanet rabin miliyan, har da wayoyi masu Android 4.1.1. A lokacin ne duniya ta ji cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 na Amurka a shekara ba. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bincika, ya tarar da ɓoyayyar ƙofa a cikin rumbun xz. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana turo gyare-gyare masu amfani har mai rumbun, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, ya amince masa. Akwai ma waɗanda suka zaɓi su taƙaita ƙofar tun farko. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000 kuma yake cikin kowace Android da iPhone, kowa na iya karanta shi ya yi amfani da shi, amma ƴan mutane ƙalilan ne ke shigar da rubutu a cikinsa.

Wato duk facin da mai rumbu ya karɓa, ya ɗauki nauyinsa ke nan har abada, alhali sau da yawa ba mai biyan sa, bayan ya tashi daga aikinsa na cin abinci yake dubawa. Mutumin da ya amsa mana bai taɓa jin Hausa ba, ba shi da hanyar sanin gaskiya muka faɗa ko shirme. Abin da ya sa ya yarda shi ne jerin kalmomin nan da gwajin da ya biyo baya.

Daga kabad ɗin Kambirij zuwa yau, ƙofar ta yi faɗin da ba ta taɓa yi ba, amma ba a daidai muke isa bakinta ba. Wutar lantarki, kuɗin intanet, kwamfutar kai da harshen Ingilishi duk shingaye ne, kuma sun fi tsayi a wajenmu. Duk da haka, babban ɓangare na abin da rumbunan nan suka rasa game da Hausa ba ya buƙatar injiniya. Yana buƙatar wanda ya san cewa Laraba ake cewa, wanda zai lura an yanke ƙugiya, wanda zai iya kawo kalmomi biyu su zama hujja. Malamin makaranta na da wannan sani, marubuciya na da shi, mu ƴan rediyo ma haka. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana karɓar muryoyin masu sa kai da Hausa, kuma karanta jimla a bayyane shi ne aikinmu na kullum.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka duk wanda manhaja ta cinye wa harafi, ya rubuta sunanta, da abin da ya buga, da abin da ta nuna masa, ya ɗauki hoton fuskar wayar. Wannan shi ne rabin rahoto. Sauran rabin kuma a nemi ɗaya daga cikin matasanmu masu karatun kwamfuta, a Yamai ko Kano ko Garwa, a zauna tare da shi a rubuta.